RUFIN ASIRIN DA KE ƘAREWA DA LIKKAFANI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake halittar ɗan Adam a cikin duhun mahaifa, mataki bayan mataki, ba tare da Ya nemi shawarar kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata irin jana'iza da muka san ta a garuruwanmu, daga Illela zuwa Badagishiri, daga Malbaza zuwa Birnin Ƙonni. Yarinya ce budurwa, ko bazawara mai ƙuruciya, wadda shekaran jiya aka gan ta a bakin rijiya ko a kan hanyar makaranta lafiyarta ƙalau. Sai a wayi gari a ce ta rasu cikin dare. Idan aka tambayi abin da ya same ta, sai a ce zazzaɓi ne, ko ciwon ciki, ko kuma a ce kwana ne ya ƙare. A yi mata sutura da gaggawa, liman ya tsaya, mu jeru a bayansa, a yi kabbara huɗu, a kai ta makwanci, maza su watse ba wanda ya ƙara tambaya. Amma a cikin gida, wurin zaman makoki, mata sun san gaskiya, suna faɗa wa juna ƙasa-ƙasa: ciki ne aka yi ƙoƙarin zubarwa, jini ya ɓalle, ba a kai ta asibiti ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ko ma ba a kai ta ba sam. Gawa ɗaya muka sallata, alhali sau da yawa rai biyu aka rasa.

Ni kaina na tsaya a sahun irin wannan salla, kuma na yi shiru kamar yadda kowa ya yi. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: tsakanin kunyar idon jama'a da ran ɗan Adam, wanne ya fi nauyi a ma'aunin Allah? Kowa zai amsa da bakinsa cewa rai ya fi. To, in haka ne, me ya sa ayyukanmu suke ba da wata amsa dabam?

YADDA ABIN YAKE FARUWA

A ƙasarmu Nijar, dokar hukunta laifuffuka ta 1961 ta tanadi ɗauri a gidan kaso ga wanda ya zubar wa mace ciki, da ita macen da ta nemi a zubar mata. Dokar lafiyar haihuwa ta watan Yuni 2006 ta keɓe hali biyu kacal: idan ci gaban cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko idan likitoci suka gano ɗan tayin yana ɗauke da wata cuta mai tsanani. Idan mutum ya ƙetara iyaka daga Ƙonni zuwa Illelar Nijeriya, dokar Arewa ta 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa in an yi don a ceci ran uwa. Ke nan addini ya rufe wannan ƙofa, hukuma ma ta rufe ta a ɓangarorin iyaka biyu. Ba muna kira ne a buɗe ta ba. Sai dai wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya, cewa haramcin bai hana abin faruwa ba, ya dai koma cikin duhu, inda ba idon likita, ba idon malami.

A cikin duhun nan akwai tsohuwa mai jiƙe-jiƙe, akwai mai tallar ƙwayoyi a kan tire wanda bai san karatun da ke jikin kwalin ba, akwai mai kiran kansa likita a wani ɗaki a bayan tasha. Mu da muke bakin iyaka mun san magani na shige da fice kamar yadda albasa da hatsi suke yi. Likitoci sun bayyana yadda kisan ke aukuwa. Wani lokaci wani sashe na cikin ne ke maƙalewa a mahaifa, jini ya yi ta zuba ba tsayawa. Wani lokaci ƙarfe ko tsinke marar tsabta ne ke huda mahaifa ko hanji, ƙwayoyin cuta su shiga jini, zazzaɓi mai zafi ya biyo baya. Wani lokaci kuma dafin abin da aka sha ne ke lalata ƙoda ko hanta. Wadda ta tsira da ranta tana iya rasa haihuwa har abada, ta yi aure ta shekara goma tana yawon neman magani, ba ta iya faɗa wa kowa dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2017 cewa kowace shekara ana zubar da ciki kimanin miliyan 25 ta hanya mai haɗari a duniya, kuma a Afirka uku daga cikin kowane huɗu irin wannan ne. A nan gida, babban binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne ke rasa rayukansu sanadin ciki da haihuwa. Waɗanda aka binne da sunan zazzaɓi kuwa, Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Abin da ya fi ciwo shi ne, mafi yawan waɗannan mace-mace ana iya kauce musu. Wankin mahaifa, da ƙarin jini, da allurar kashe ƙwayoyin cuta, ayyuka ne da ake yi a asibitocin Ƙonni da Illela, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da cibiyar kula da uwa da yaro ta Tawa. Jinkiri ne ke kashewa. Yarinya ta kwana biyu tana zubar da jini ta ɓoye wa uwarta. Uwa ta gane, ta ɓoye wa uba. Uba ya gane, ya ce a bari sai dare ya yi, kada maƙwabta su ga an fita da ita. Kafin dare ya yi, mai aukuwa ta auku.

HUKUNCIN CIKI A SHARI'A

Kada wani ya zaci akwai sassauci a asalin hukuncin. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.), wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa ana busa rai ga ɗan tayi bayan matakai uku na kwana arba'in-arba'in, wato kwana 120. Malamai sun haɗu a kan cewa zubar da ciki bayan an busa rai haramun ne, kisan kai ne, kuma malaman fatawa ba su keɓe komai ba sai halin da likitoci amintattu suka tabbatar uwa za ta mutu in an bar shi. Kafin busa rai akwai saɓani. Wasu daga Hanafawa sun sassauta idan akwai uzuri karɓaɓɓe. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, abin dogaro, kamar yadda Shaihu Dardir ya bayyana a sharhinsa ga Muhtasar Halil, shi ne haramci tun daga lokacin da mahaifa ta karɓi ruwan, ko da kafin kwana 40 ne, duk da cewa Imam Lahmi ya sassauta kafin arba'in ɗin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1990, ta yarda a cire cikin da bai kai kwana 120 ba idan ayarin ƙwararrun likitoci suka tabbatar yana da mummunar tawaya marar magani, kuma iyayen suka nema.

Har diyya Shari'a ta sanya wa ɗan tayi. A lamarin mata biyu na ƙabilar Huzailu, da ɗaya ta jefi ɗaya da dutse, Manzon Allah (S.A.W.) ya hukunta a biya fansar abin da ke cikin, wadda malamai suka ƙaddara da kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwa. Ko uwar ce da kanta ta sha abin da ya zubar da shi, biyan yana kanta, kuma ba ta cin gadon komai daga ciki.

Wannan hukunci mun san shi, muna kuma faɗarsa a kan mumbari. Amma rabin magana ke nan. Shari'ar da ta tsare ran ɗan tayi ita ce ta tsare ran uwarsa, ko da mai saɓo ce, kuma wannan rabin na biyu ne muka yi sakaci da shi.

KUNYA IRI BIYU CE

Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kunya wani reshe ne na imani, mu kuma Hausawa babu abin da muke yabon yaro da shi kamar kunya. Sai dai kunya iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa kafin saɓo, ta riƙe hannun mutum, ta tuna masa cewa Allah na ganinsa ko da ba kowa a ɗakin. Wannan ita ce ta imani. Akwai kuma wadda ke zuwa bayan saɓo, ba ruwanta da abin da Allah Ya gani, damuwarta abin da za a faɗa a majalisa da gidan suna. Ita wannan ta biyun tsoron mutane ce ta sanya rigar kunya, kuma ita ce ke tura mutum ya rufe ƙaramin laifi da babba. Zina babban zunubi ce, amma kisan rai ya fi ta girma. Wanda ya binne zina da kisa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Alƙur'ani Mai girma, a cikin Suratun Nahli, ya siffanta mana mutumin Jahiliyya da aka yi wa albishir da ɗiya mace, yadda yake ɓuya daga mutanensa yana saƙe-saƙe ko ya riƙe ta cikin wulaƙanci ko ya tura ta cikin ƙasa. Idon mutane ne ya sa shi ɓuya. A cikin Suratut Takwir kuma an ba mu labarin ranar da za a tambayi wadda aka binne da rai laifin da ta yi. Ku lura, ya ƴan'uwa, malaman tafsiri sun ce ita za a tambaya, a bar wanda ya binne ta, domin tsananin fushin Allah a kansa. Mu muna karanta wannan muna tsine wa Jahiliyya, alhali uban da ya ce wa ɗiyarsa gara ya ga gawarta da ya ga cikinta, tunaninsa da na wancan mutumin duk kanwar ja ce.

Za a ce, ai Musulunci ya yi umarni da sutura. Gaskiya ne. Lokacin da Ma'izu (R.A.) ya zo ya yi iƙirari, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna wa Hazzalu, wanda ya ba shi shawarar zuwa, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tona wa mai neman auren ƴar'uwarsa abin da ta taɓa aikatawa, Sayyidina Umar (R.A.) ya tsawata masa matuƙa. Suratun Nur ta sanya bulala 80 ga wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Duk wannan sutura ce. Amma dubi yadda take: tana rufe zunubin, ta bar mai shi da rai domin ya tuba. Rufin asirinmu kuwa sunan gida yake rufewa, ya binne mai zunubin tun ba ta sami damar tuba ba. Banbancin da ke tsakaninsu shi ne banbancin mayafi da likkafani.

Mu tuna labarin matar nan Bagamidiya da Muslim ya ruwaito. Ta zo da cikin zina ta nemi a tsarkake ta. Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye, sannan ya danƙa yaron ga wani Musulmi ya riƙe shi. Da Halidu ɗan Walidu (R.A.) ya zage ta, sai Annabi ya hana shi, ya yaba girman tubarta, kuma ya sallace ta. A cikin shekarun nan da ta yi tana jira, a Madina take, cikin sahabbai, da cikinta da goyonta, ba wanda ya kore ta. Ke nan cikin da aka samu ta hanyar haram yana da hurumi daidai da kowane ciki, kuma yaron da aka haifa ba ya ɗaukar laifin iyayensa, domin Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani.

INA NAMIJIN?

Ciki ba ya samuwa da mutum ɗaya. Amma a jana'izar da muka ambata, sau da yawa wanda ya yi cikin yana tsaye a cikin sahu, da hularsa da carbinsa, ba mai nuna shi da yatsa. Wani saurayi ne da ya yi alkawarin aure. Wani mai shago ne da ya saba saye wa yarinya mai talla kayan tirenta gaba ɗaya. Wani direba ne da ya kwana a gari ya wuce. Wani kuwa, wal'iyazu billahi, na cikin gida ne. Sau da yawa ma shi ne ke kawo kuɗin zubarwar, ya ce ta san yadda za ta yi, sannan ya ɓace.

Manyanmu suna tune da shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu, a ƙasar Gwadabawa da ke kan hanyar Illelar Nijeriya zuwa Sakkwato. A watan Oktoba 2001 kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa, shi kuwa wanda ta ambata ya musanta, aka sallame shi saboda rashin shaidu. A watan Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke hukuncin, ta sallame ta. Ba mun kawo wannan don sukar Shari'a ba ne, domin alƙalan Shari'a ne suka kuɓutar da ita da hujjojin Shari'a. Darasin shi ne, namiji na iya musu, ciki kuwa ba ya musu. A mazhabarmu bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce a gaban alƙali, saɓanin mafi yawan malaman sauran mazhabobi da ba su ɗauke shi hujja shi kaɗai ba. Yarinyar da ta ga cewa cikinta ne kaɗai shaidar da ke kanta, kuma ita kaɗai za ta ɗauki dukan abin, shaidar za ta nemi ta ɓatar, ko da za ta rasa ranta. Ya kai wanda ka tsira daga bakin mutane, ka sani cewa kotun Lahira ba ta buƙatar shaidu huɗu, gaɓoɓinka ne za su yi magana.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, babu zunubi a kanta ko ƙwayar zarra, kuma Imam Malik ya tafi a kan cewa wanda ya tilasta ta, bayan haddi, zai biya ta sadaki. Irin wannan yarinya a gaggauta kai ta asibiti cikin kwana uku, domin akwai magungunan kariya da ba sa amfani idan an makara. Iyayen da suka karɓi ƴan kuɗi aka kashe maganar a zaure sun zalunce ta zalunci na biyu.

BA ƳAN MATA KAƊAI BA

Kuskure ne mu ɗauka cewa duk mai neman zubar da ciki fasiƙa ce. Akwai matar aure mai goyon wata biyar da ta yi rurrutsa, tana tsoron dariyar kishiyoyi da gorin dangin miji, tana kuma tsoron abin da zai sami na bayanta. Akwai wadda ta haifi takwas, jikinta ya gaji, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Akwai wadda aka saka da ƙaramin ciki, ba ta son abin da zai ɗaure ta da gidan da aka wulaƙanta ta. Akwai kuma abin da ya keɓanci ƙasarmu ta Adar: maza su tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Legas, su shekara biyu, uku, har huɗu, ba aike ba dawowa, su bar yarinya ƴar shekara 18 a gidan surukai. Sayyidina Umar (R.A.) ya iyakance wa mayaƙa ƴan watanni ne kawai su yi nesa da iyalinsu, alhali jihadi suka fita. Mijin da ya yi wannan sakaci yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Ga ma'aurata Shari'a ta buɗe ƙofa ta halal tun kafin a kai ga ta haram. Jabir (R.A.) ya ba da labarin cewa sahabbai suna yin azalu a zamanin Annabi (S.A.W.) ba a hana su ba, malamanmu na Malikiyya kuma suka sharɗanta yardar matar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta wa miji da mata su ba da tazara tsakanin haihuwa na wani lokaci, bisa shawara da yardar juna, muddin ba cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba, ta kuma haramta yanke haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba. Alƙur'ani kansa ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. A 2006 gwamnati ta ayyana awon ciki da magungunan tazara kyauta a asibitocinta. Mijin da ya hana matarsa zuwa wurin ungozomar asibiti da rana, ya sani yana iya tura ta wurin mai jiƙo da dare.

AMSA GA MAI JAYAYYA

Na san wani dattijo zai ce: Malam, idan muka rungumi wadda ta yi cikin shege, muka yi mata jinya, muka raini ɗanta, ashe ba mun buɗe wa sauran ƙofa ba? Ashe ba tsoron abin kunya ne ke tsare ƴaƴanmu ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma mai faɗarta kishin addini ne ya sa shi. Gaskiya ne al'ummar da ta daina ƙyamar alfasha ta lalace, kuma ba mu ce a yi wa zina biki ba.

Amma mu duba abin da idonmu ya gani. Shekara nawa muna kora, muna duka, muna gori? Da tsananin nan yana hana zina, da tuni ta ƙare a garuruwanmu. Abin da yake hanawa shi ne haihuwar yaron. Yarinyar da aka kora daga gida kuma, ina take zuwa? Tasha take zuwa, ko wani gari a ƙetaren iyaka, inda abin da ta yi sau ɗaya cikin kuskure zai zama sana'arta. Jaririn da ake tsinta a kwalbati ko a kango, shi ma ɗan wannan tsoron ne. Sannan hukunci a Musulunci aikin shugaba ne da alƙali, bayan hujja ta tabbata. Ba a ba uba ko wa ko mutanen unguwa ikon yanke shi ba, balle su yanke wanda ya fi na Allah tsanani. Budurwar da ta yi zina, ko a inda ake tsayar da haddi, bulala ce hukuncinta. Wa ya ba mu izinin mayar da shi kisa?

Wurin tsanani yana gaba da aukuwar abu: a tarbiyya, a hana tallar dare, a sauƙaƙa kayan aure, a sa ido kan masu lalata ƴaƴan mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan abu ya auku kuwa, abin da ya rage shi ne tuba da ceton rai.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, ceton rai. Duk macen da jini ya ɓalle mata, ko zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani suka kama ta bayan ɓari, ko wani ruwa mai wari yake fita daga gare ta, a kai ta asibiti a wannan sa'a, dare ne ko rana, ba sai an tsaya binciken ko ɓarin na Allah ne ko na hannu ba. Mai mota ko mai babur da aka tasa cikin dare ya ɗauke ta, ya kuma kame bakinsa. Ma'aikatan lafiya su ji tsoron Allah, su karɓe ta a matsayin majinyaciya, su bar gori, su tsare amanar sirrinta. Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Na biyu, iyaye. Ya kai uba, ya ke uwa, ku sanar da ɗiyarku tun yau cewa babu laifin da za ta yi wanda zai sa ku fi son mutuwarta a kan rayuwarta. Idan ƙaddara ta faɗa mata, ku yi fushi, ku yi kuka, amma ku riƙe ta. Ku kai ta wurin wata gwaggo ko inna a wani gari ta haihu cikin sutura, in kun ga haka ya fi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na uku, jama'ar gari. Harshenmu na cikin makaman da ke kashe waɗannan yara. Mu daina kiran yaro da sunan laifin da bai yi ba. Ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce ta kifaya, idan kowa ya ƙi duk gari ya yi laifi, kuma Sayyidina Umar (R.A.) ya hukunta cewa tsintacce ɗa ne, ciyar da shi na kan baitulmali. Kwamitocin masallatanmu na iya ware wani abu daga sadakar Juma'a domin irin waɗannan yara da iyayensu mata.

Na huɗu, malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab da barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. Zargin nan bai tsufa ba. Ƴan mata nawa ne suke balaga ba wanda ya koya musu hukuncin jinin al'ada, ko yadda ciki ke shiga, ko yadda za su gane mai yaudara? Malamai mata a makarantun Islamiyya su ɗauki wannan nauyi. Mu kuma masu hawa mumbari, idan mun yi wa'azi a kan zina mu fuskanci sahun maza da ke gabanmu, kuma kada mu sauka sai mun ambaci ƙofar tuba.

Ke kuma ƴar'uwa da wannan abu ya taɓa faruwa da ke, kika tsira da ranki, kina ɗauke da shi a zuci shekara da shekaru, ki sani Suratuz Zumar ta hana bayin Allah da suka yi wa kansu ɓarna su yanke ƙauna daga rahamarSa. Ki tuba tsakaninki da Ubangijinki, ki tambayi malami amintacce abin da ke kanki, ki kuma nemi likita idan jikinki bai koma daidai ba.

Ya Allah, Ka tsare mana zuriyarmu daga alfasha ta fili da ta ɓoye. Ka suturta mu da suturarKa duniya da Lahira. Ka jiƙan waɗanda muka binne ba mu tambaya ba, Ka yafe mana shirun da muka yi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Shi ne Mafi sani.